Kamfanin Dubai a Tashoshin Ruwan Amurka: Yadda Ciniki Ya Rikiɗe Zuwa Rikicin Tsaro a 2006

A ranar 13 ga Fabrairun 2006 masu hannun jari a kamfanin P&O na Birtaniya suka amince a sayar da shi ga DP World, kamfanin gwamnatin Dubai, a kan kimanin dala biliyan 6.8. A Landan labarin kasuwa ne kawai. Tsohon kamfani da ke harkar jiragen ruwa tun 1837 ya koma hannun sabon mai kuɗi, bayan an yi ta ƙarin tayi tsakanin Dubai da kamfanin PSA na Singafo har Singafo ta haƙura. P&O na gudanar da ayyukan lodi da sauke kaya a ƙasashe da yawa, daga Ostareliya zuwa Indiya, Chaina da Ajantina, kuma idon Dubai a kan Asiya yake. Ɓangaren Amurka kusan kashi ɗaya ne cikin goma na darajar cinikin. Sai dai a cikin wannan ɗan yankin akwai ayyuka a manyan tashoshi shida: New York, New Jersey, Philadelphia, Baltimore, Miami da New Orleans, ban da aikin dako a wasu tashoshin. Kafin wata guda ya cika, kamfanin ya sanar da cewa zai rabu da su duka.

Kafin a shiga rigimar, ya kamata a san abin da aka saya ɗin. Tashoshin jiragen ruwan Amurka galibi mallakar hukumomin jihohi ne ko na birane. Hukumar ce ke da ƙasar da matsayar jiragen, sai ta ba wani kamfani hayar wani sashe na shekaru masu yawa. Kamfanin shi ke kawo injinan ɗaga kwantena, ya tsara wane jirgi zai tsaya a ina, ya jera kaya a fili, ya buɗe ƙofa ga manyan motoci. 'Yan dakon da ke aikin a gaɓar gabas da ta kudu Amurkawa ne, 'yan ƙungiyar ƙwadago ta ILA, kuma ko wane ne ya sayi kamfanin, su zai tarar a bakin aiki. Binciken kaya aikin kwastam ne. Tsaron ruwa da jiragen da ke shigowa aikin dakarun tsaron gaɓar teku ne. Wannan ya sa gwamnatin George W. Bush ta yi ta nanata cewa ba a sayar da ko tasha ɗaya ba, haya ce ta sauya hannu. Gaskiya ta faɗa, amma ba ta faɗe ta duka ba, kuma za mu dawo kan abin da ta tsallake.

Baƙon kamfani a wannan sana'a ba sabon abu ba ne a Amurka. Maersk na Danmak yana da sassa a gaɓar gabas da ta yamma. A lokacin, APL, wanda ke aiki a Los Angeles, Oakland da Seattle, yana ƙarƙashin wani kamfanin Singafo ne da gwamnatin ƙasar ke da rinjayen jari a cikinsa. Cosco na gwamnatin Chaina yana da hannu a wani sashe a Long Beach. Shi kansa P&O da ake wa kuka ai ba na Amurka ba ne.

Yadda aka ba da izini

Tun 1975 Amurka ke da kwamitin da ke duba jarin ƙetare, wanda ake kira CFIUS, ƙarƙashin jagorancin ma'aikatar kuɗi. A 1988 majalisa ta ba shugaban ƙasa ikon hana duk cinikin da ke barazana ga tsaro, aka kuma tsara aikin hawa biyu: dubawar farko ta kwana 30, idan da abin damuwa sai a shiga bincike mai zurfi na kwana 45. A 1992 aka ƙara gyaran da Sanata Robert Byrd ya kawo, wanda ya wajabta bincike mai zurfin idan mai sayen yana ƙarƙashin wata gwamnati kuma cinikin na iya shafar tsaron ƙasa.

DP World bai yi ɓoyo ba. Tun watan Oktoban 2005 ya fara tuntuɓar jami'an kwamitin, ya shigar da takardunsa a tsakiyar Disamba, a ranar 17 ga Janairun 2006 kuma aka ce masa ya ci gaba. Ma'aikatar tsaron cikin gida ce ta ɗan ɗaga gira, sai aka rufe maganar da wata wasiƙar alkawari: kamfanin zai ci gaba da shiga shirye-shiryen tsaron da P&O ke ciki, zai kuma miƙa bayanan ayyukansa na Amurka duk lokacin da hukuma ta nema. Ba a shiga binciken kwana 45 ba. Hujjar gwamnati ita ce, tunda babu wata ma'aikata da ta rage da ƙorafi bayan dubawar farko, to babu abin da zai shafi tsaro, don haka gyaran Byrd bai hau kan lamarin ba. Sanata Carl Levin ya ƙalubalanci wannan fassara a gaban jami'an, kuma ni ma ina ganin shi ke da gaskiya. Idan kamfani mallakar wata gwamnati zai karɓi aiki a tashar New York shekara huɗu da 'yan watanni bayan harin 11 ga Satumban 2001, sannan a ce wannan ba ya cikin abin da ke iya shafar tsaro, to da wuya a gane cinikin da aka yi gyaran dominsa.

Kwamitin ya saba da haka. Daga 1988 zuwa lokacin an kai masa ciniki sama da 1,500, waɗanda suka kai ga bincike mai zurfi ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, ɗaya tak kuma shugaban ƙasa ya taɓa hanawa, a 1990, lokacin da wani kamfanin gwamnatin Chaina ya sayi masana'antar kayan jiragen sama a Seattle. A Satumban 2005 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa ya fitar da rahoton da ya ce kwamitin na taƙaita ma'anar tsaron ƙasa, yana kuma gudun buɗe bincike don kada ya tsorata masu zuba jari. Rahoton ya fito, aka yi kunnen uwar shegu da shi.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne matakin da aka yanke hukuncin. Jami'an da ke ƙasa da sakatarorin ma'aikatu ne suka gama komai. Sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya ce bai san da maganar ba sai da ta fashe. Sakataren kuɗi John Snow, wanda ma'aikatarsa ce ke shugabantar kwamitin, shi ma haka ya ce. Daga baya Fadar White House ta amsa cewa Bush kansa bai ji labari ba sai bayan an ba da izini. Ga kuma abubuwa biyu da suka ƙara wa masu zargi ƙarfi, ko da yake ba a taɓa nuna an yi maguɗi ba: Snow tsohon shugaban kamfanin CSX ne, wanda Dubai ta sayi ayyukansa na tashoshin ƙetare bayan barinsa, sannan a Janairun 2006 Bush ya zaɓi wani babban ma'aikacin DP World, David Sanborn, ya shugabanci hukumar sufurin ruwa.

Wanda ya kunna wutar

Ba jami'in leƙen asiri ne ya tayar da maganar ba, abokin kasuwa ne. Eller & Company, wani kamfani a jihar Florida da ke haɗin gwiwa da P&O a Miami, bai so a ɗaura masa sabon abokin hulɗa ba tare da yardarsa ba. Ya ɗauki mai kama masa ƙafa a Washinton, aka yi ta zagaya ofisoshin 'yan majalisa. Kamfanin dillancin labarai na AP ya buga labarin a ranar 11 ga Fabrairu, Sanata Chuck Schumer na New York ya ɗauke shi ya kai gaban 'yan jarida, daga nan gidajen rediyo da talabijin suka karɓe. Cikin kwanaki kaɗan abin da talakan Amurka ya ji shi ne, za a ba Larabawa tashoshin ƙasarsa.

Shekarar zaɓen majalisa ce. 'Yan jam'iyyar Dimokrat sun gaji da yadda ake yi musu gorin cewa ba su iya tsaro ba, sai ga dama ta faɗo. Hillary Clinton da Robert Menendez suka gabatar da ƙudurin hana kamfanonin gwamnatocin waje gudanar da ayyukan tashoshi. 'Yan Rifablikan kuwa ba su yarda a bar su a baya ba. A ranar 21 ga Fabrairu jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa Bill Frist da kakakin majalisar wakilai Dennis Hastert, dukansu 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa, suka nemi a dakatar da cinikin. Gwamnonin New York da Maryland, su ma 'yan Rifablikan, suka yi barazanar soke hayar. A wannan ranar Bush ya ce zai hau kujerar na-ƙi a kan duk dokar da aka yi don toshe cinikin, alhali shekara biyar yana mulki bai taɓa yin haka ba. Ya kuma ƙalubalanci masu adawa su fito su bayyana dalilin da zai sa a auna kamfanin Gabas ta Tsakiya da wani mudu daban da wanda aka auna na Birtaniya.

Tuhumar da aka yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke cikinta, ba ƙage ba ce. Biyu daga cikin maharan 11 ga Satumba su 19 'yan ƙasar ne, kuma wani ɓangare na kuɗin harin ya bi ta Dubai. Tana cikin ƙasashe uku da suka amince da gwamnatin Taliban ta farko (1996 zuwa 2001), tare da Pakistan da Saudiyya. Mafi nauyi a wurina ita ce maganar Abdul Qadeer Khan, masanin nukiliyar Pakistan, wanda dillalansa suka mayar da Dubai zangon sauya wa kaya jirgi. Kayan sarrafa yuraniyom da aka kama a jirgin BBC China a Oktoban 2003 a kan hanyar Libiya, daga Maleshiya suka taso, a Dubai aka yi musu lodi. Wannan tuhuma ce da ta shafi aikin tasha kai tsaye.

A ɗaya ɓangaren, babu tashar da jiragen yaƙin Amurka suka fi yada zango a wajen ƙasarsu kamar Jebel Ali, wadda DP World ɗin ke gudanarwa. Jiragen saman yaƙin Amurka na amfani da sansanin Al Dhafra. Dubai ce ta fara shiga shirin da ya ba jami'an kwastam na Amurka damar zama a tashoshin ƙetare suna tantance kwantena, a duk Gabas ta Tsakiya. Wato sojan ruwan Amurka ya yarda ya ɗaure jirgin yaƙinsa a hannun wannan kamfani, majalisa kuma ta ce ba ta yarda ya sauke kwantenar takalma a Baltimore ba. Har shugaban kamfanin jiragen ruwan Isra'ila, Zim, ya rubuta wa Sanata Clinton wasiƙar goyon bayan DP World, duk da cewa wasu 'yan majalisa na kafa hujja da ƙauracewar da ƙasashen Larabawa ke yi wa Isra'ila.

Abin da ya kamata a tambaya

A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu suka kauce. Gwamnati ta ce mai haya ba shi da hannu a tsaro, wanda ba haka ba ne. A ƙarƙashin dokar tsaron sufurin ruwa ta 2002, mai gudanar da sashen tasha shi ke rubuta tsarin tsaron wurin, dakarun gaɓar teku su amince da shi. Shi ke ɗaukar masu gadi, shi ke kula da shinge da kyamarori, shi ke da na'urar da ta san inda kowace kwantena take. Yana ganin waɗanne ne kwastam ta ware don bincike, kuma wanda ya daɗe yana ganin wannan zai fahimci irin kayan da ake zargi da irin waɗanda ke wucewa salin-alin. A wasu tashoshin yana ganin lokacin da kayan soja ke fita. Mugu guda a ofishin da ya dace zai iya yin ɓarnar da ba ta bukatar sanin shugaban kamfani. Sannan idan mai kamfanin gwamnati ce, akwai tambayar da ba a yi wa ɗan kasuwa zalla: ranar da siyasa ta ɓaci tsakanin ƙasashen biyu, umarnin wa manajan zai bi?

Waɗannan tambayoyi ne masu amsa. Ana iya tilasta ajiye bayanai a cikin ƙasar, inda kotu za ta iya kaiwa gare su. Ana iya cewa jami'in tsaron kamfanin ya zama ɗan ƙasa da aka tantance. Ana iya raba na'urorin reshen Amurka da na hedikwata. Wasiƙar alkawarin da aka karɓa daga DP World ba ta ƙunshi sharaɗin ajiye kwafin takardu a Amurka ba, ba ta kuma tilasta naɗa ɗan ƙasa da zai riƙa amsa buƙatun hukuma ba, alhali an saba gindaya irin waɗannan a wasu cinikayyar. A ƙarshen Fabrairu Sanata Susan Collins ta fito da wani ɓangare na rahoton dakarun gaɓar teku na Disamban 2005, inda suka ce akwai giɓi a bayanan sirrin da ke hannunsu game da ma'aikatan kamfanin da tasirin waje a kansa. Rundunar ta ce an cike giɓin daga baya. Ko da an cike, wannan shi ne ainihin irin abin da aka tanadi kwana 45 dominsa.

Majalisa kuwa ta bar jaki tana dukan taiki. Haɗarin da kowa ke tsoro shi ne bam a cikin kwantena, kuma kwantena ba a New Jersey ake cika ta ba. Ana cika ta a wata masana'anta a ƙetare, a rufe, ta bi mota ko jirgin ƙasa zuwa tasha, wataƙila a sauya mata jirgi sau ɗaya ko biyu. Idan akwai abin fashewa a ciki, ranar da ta iso gaɓar New York aikin gama ya gama, ko da wane ne ke riƙe da injin da zai sauke ta. A lokacin, kusan kashi biyar cikin ɗari ne na kwantenonin da ke shigowa ake buɗewa ko a haska cikinsu da na'ura. Katin shaidar ma'aikatan tasha da doka ta tanada tun 2002 bai fara aiki ba. Sannan korar DP World daga Amurka ba ta taɓa matsayinsa a tashoshin da ake yi wa Amurka lodi ba, inda a can ne hannunsa ya fi kusa da kayan. Da gwamnatin ta tashi gwajin haska dukan kwantena tun daga ƙetare a ƙarshen 2006, biyu daga cikin tashoshi ukun farko, Southampton a Ingila da Port Qasim a Pakistan, wuraren da DP World ke aiki ne.

Ba zan ce duk wanda ya yi adawa ƙyamar Larabawa ce ta motsa shi ba. Amma wanda ya saurari muhawarar ya san cewa da kamfanin Singafo ne ya yi nasara a tayin, shi ma mallakar gwamnati, da wuya labarin ya wuce shafin kasuwanci.

Ƙarshen takaddamar ya zo da sauri. DP World ya fara da cewa zai jinkirta karɓar ragamar ayyukan Amurka, sannan da kansa ya roƙi a yi masa binciken kwana 45 ɗin. Bai yi amfani ba. A ranar 8 ga Maris kwamitin kasafin kuɗi na majalisar wakilai ya kaɗa ƙuri'a 62 da 2 don toshe cinikin, aka kuma liƙa sharaɗin a jikin ƙudurin kuɗin yaƙin Iraƙi da Afganistan da na agajin guguwar Katrina, wanda Bush ba zai iya ƙin sa wa hannu ba. Washegari Sanata John Warner ya karanta wa majalisar dattawa sanarwar kamfanin cewa, bisa umarnin sarkin Dubai Sheikh Mohammed bin Rashid, za a miƙa ayyukan ga wani kamfanin Amurka. Sanborn ya janye daga naɗin da aka yi masa. Tattaunawar yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da Daular ta tsaya, ba a kuma kammala ta ba. A watan Afrilu, ƙura ba ta gama lafawa ba, Bush ya amince wani kamfanin gwamnatin Dubai ya sayi Doncasters, mai ƙera sassan injin tankokin yaƙi da jiragen soja a masana'antunsa na Amurka. Wannan karon an yi binciken kwana 45, an sanar da 'yan majalisa tun da wuri, kuma cinikin ya wuce ba hayaniya.

Doka ta sauya, kuma wannan ce ribar da aka samu. A Yulin 2007 aka sa hannu kan dokar da ta ba CFIUS gindin zama, ta wajabta bincike mai zurfi ga kamfanonin gwamnatocin waje sai dai in babban jami'i ya sa hannu da sunansa cewa babu bukata, ta shigar da daraktan leƙen asirin ƙasa cikin aikin, ta kuma tilasta kai rahoto majalisa. Gyaran 2018 ya ƙara wa kwamitin ikon duba sayen filaye da haya a tashoshin ruwa da na sama. Da Cosco ya sayi kamfanin OOCL na Hong Kong a 2018, an gindaya masa sharaɗin sayar da babban sashen kwantena na Long Beach tun kafin a ba shi izini, kuma a 2019 aka sayar da shi kan dala biliyan 1.78. Ita kuwa dokar 2007 da ta ce a haska duk kwantenar da za ta shigo Amurka kafin Yulin 2012, ma'aikatar tsaron cikin gida ta yi ta ɗage wa'adinta bayan kowace shekara biyu, saboda kuɗi da cunkoson da za ta jawo. Damuwar ma ta bar takardar haya ta koma kan na'ura: a Fabrairun 2024 gwamnatin Joe Biden ta ba da umarni kan tsaron kwamfutocin tashoshi, bayan an lura cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na manyan injinan sauke kwantena a ƙasar kamfanin ZPMC na gwamnatin Chaina ne ya ƙera su.

Ayyukan da aka ƙwace daga hannun Dubai, a Disamban 2006 aka sanar da sayar da su ga reshen zuba jari na kamfanin inshorar AIG, aka kammala a Maris ɗin 2007, aka raɗa musu suna Ports America. AIG bai taɓa gudanar da babbar tasha ba, kuma a Satumban 2008 shi kansa sai da gwamnati ta ceto shi da bashin dala biliyan 85. Ports America ya ci gaba da sauya hannu tsakanin masu zuba jari, har a 2021 asusun fanshon Kanada, wanda dokar gwamnatin Kanada ce ta kafa shi, ya saye shi gaba ɗaya.